Daga Babban Gwani Zuwa Digiri Na Biyu

Duk wanda ya taɓa ƙetare Kwara a Jebba, ko Binuwai a Makurɗi, ya san yadda a kan yi. Mutane suna ta hira a cikin mota, wani na shan rake, wani na gyangyaɗi, ba wanda ya ke tunanin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Alhali kuwa a cikin wannan ɗan lokaci, bayan ikon Allah, ran kowa yana rataye ne ga lissafin wani mutum wanda ba su taɓa gani ba. In lissafinsa ya yi daidai su wuce lafiya, ba mai gode masa. In ya kuskure, sai dai a ji labari.

Wannan mutum shi a ke kira injiniya. Injiniyoyi iri iri ne, akwai na lantarki, akwai na injuna, amma wanda za mu yi magana a kansa shi ne na gine-gine, watau mai tsara hanyoyi da gadoji da madatsun ruwa da dogayen benaye. A yanzu sai ka ga yaro ya yi shekara 5 a jami'a yana koyon wannan aiki, ya sami digiri, ya yi shekara guda yana bautar ƙasa, sa'an nan ya zo ya ce wa ubansa zai koma neman digiri na biyu, wanda a ke kira masta. Uban ya dube shi ya ce, "Wai kai, karatun nan naka ba ya ƙarewa ne?" Tambaya ce mai ma'ana ƙwarai, amsarta kuwa tana cikin tarihi. Bari mu bi shi tun daga tushe.

Zamanin Gado

A ƙasar Hausa gini sana'ar gado ce, kowane babban gari kuma yana da Sarkin Magina. Yaro ya kan fara da kwaɓa ƙasa da cura tubali, ya yi shekaru yana miƙa wa na saman bango. In hannunsa ya faɗa sai a sake masa yaɓe, daga nan a koya masa jera azara, can daga baya, in an ga yana da kai, a nuna masa yadda a ke ɗaura bakan gizo. Magina sun san kududdufin da ƙasarsa ke da danƙo. Sun san azarar giginya gara ba ta cinta, sun kuma san in an shimfiɗa ta ta wuce kamar ƙafa 6 ba abin da ya tokare ta, za ta lanƙwashe da nauyin rufi. Saboda haka suka ƙago dabarar ɗora azara bisa azara, kowace tana ɗan leƙo gaba, har a rufe soro mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya.

Wanda ya fi kowa shahara a wannan fanni shi ne Muhammadu Durugu, wanda a ke kira Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Masana gini na ƙasashe dabam dabam sun zo sun auna bakunan gizon masallacin nan, sun rubuta littattafai a kansu. Amma irin wannan ilmi yana da rauni guda biyu. Na ɗaya, a ka ya ke da hannu, in mai shi ya mutu bai koyar ba sai a binne su tare. Na biyu, iyakarsa abin da aka taɓa gwadawa. Gwanin magini zai faɗa maka abin da soro zai ɗauka, don ya ga na ubansa da na kakansa. Amma ba zai iya faɗa maka abin da gada za ta yi ba in jirgin ƙasa ya hau ta, don kakansa bai taɓa ganin jirgi ba.

A Turai ma haka abin ya ke a zamanin da. Yaro ya kan yi kamar shekara 7 a hannun ubangidansa, sa'an nan ya shiga yawon ƙwadago gari gari. In yana so a sallame shi ya kafa nasa wurin, sai ya yi wani aiki guda na gwaninta ya kai gaban dattawan sana'a. In sun yarda da aikin sai su kira shi masta. Tsofaffin jami'o'in Turai, irin na Bolonya a Italiya da na Faris a Faransa, su ma da wannan kalma su ke kiran ɗalibin da ya kai matsayin a ba shi izinin koyar da waɗansu. Ka ga ke nan ma'anar masta ba ta da nisa da gwani a wurinmu, kamar yadda almajiri ya kan tashi daga ƙolo ya zama gardi, har wata rana a kira shi gwani.

Ilmi Ya Shiga Makaranta

Da fari injiniya a Turai mutumin soja ne, aikinsa gina ganuwa da fasa ta abokan gaba. Faransa ce ta fara ware waɗansu don aikin zaman lafiya. A cikin 1716 ta kafa ƙungiyar ma'aikatan gadoji da hanyoyi, a cikin 1747 kuma ta buɗe musu makaranta a Faris, inda a ke koyar da lissafi da zane kafin a sake wa mutum aiki.

A Ingila akwai wani mutum wai shi John Smeaton, shi ya fara kiran kansa injiniyan farar hula don a bambanta shi da na soja. An ba shi aikin gina hasumiyar fitila bisa wani dutse a tsakiyar teku, wajen garin Filimot, don jiragen ruwa su daina karo da dutsen. An riga an gina biyu a wurin, ta farko guguwa ta share ta a cikin 1703, ta biyu ta ƙone a cikin 1755. Smeaton bai ce zai yi yadda ya ga ana yi ba. Sai ya tara duwatsun farar ƙasa iri iri, ya gasa kowane, ya kwaɓa, ya tsoma a ruwa, yana rubuta abin da ya gani. Da haka ya gane wanda ke da gaurayen yumɓu shi ne ya ke daskarewa ko a cikin ruwa. Ya gama hasumiyarsa a cikin 1759, ta yi fiye da shekara 100 tana aiki. Da aka zo sauya ta ma, ba ita ce ta gaza ba, dutsen da ke ƙarƙashinta ne ruwa ya cinye. Irin wannan bincike shi ya share fagen simintin da mu ke gini da shi, wanda wani birkila mai suna Joseph Aspdin ya yi wa rajista a cikin 1824.

A cikin 1818 injiniyoyin gine-gine na Ingila suka kafa ƙungiyarsu a Landan, a cikin 1840 kuma Jami'ar Gilasgo ta naɗa shehun malami na wannan fanni. Duk da haka yawancin injiniyoyinsu sun fi amincewa da koyo a bakin aiki, suna ganin yawan lissafi ɓata lokaci ne. Abin da ya sauya musu ra'ayi ba wa'azi ba ne, asarar rayuka ce.

Darussa Biyu Masu Tsada

A cikin 1878 aka buɗe wata gadar jirgin ƙasa bisa kogin Tay a ƙasar Sikotilan. Tsawonta ya kusa mil 2, a lokacin ba wadda ta kai ta a duniya. Sarauniya Biktoriya da kanta ta ƙetare ta, ta kuma ba wanda ya tsara ta, Thomas Bouch, lambar girma ta Sir. Ran Lahadi 28 ga Disamba 1879, da dare, aka yi iska mai ƙarfi. Jirgin fasinja ya hau gadar, yana cikin tafiya sai tsakiyarta ta karye, ta tafi da shi cikin ruwa. Ko mutum ɗaya bai tsira ba. An tabbatar da mutuwar mutum 59, waɗansu kuwa sun ƙiyasta sun kai 75. Da aka yi bincike sai aka tarar ƙarfen yana da aibi, ba a kuma kula da gyara ba, amma babban laifin shi ne mai tsarawa bai lissafa ƙarfin iska yadda ya kamata ba. Ya lissafa nauyin da zai danno daga sama, ya yi sakaci da wanda zai turo daga gefe. Bouch bai cika shekara ba bayan wannan ya mutu. Daga nan aka kafa ƙa'idar ƙarfin iskar da dole kowace gadar jirgi ta iya jurewa. Gadar Forth, wadda aka buɗe kusa da can a cikin 1890, da wannan ƙa'ida aka gina ta, har yau kuwa jirage na bin ta.

Darasi na biyu a Amurka aka koye shi. Akwai wani mutum wai shi William Mulholland, wanda ya fara aiki a birnin Los Anjalis yana yashe lambatu. Bai yi jami'a ba, amma mutum ne mai himma, da rana aiki, da dare karatu, har ya zama shugaban ma'aikatar ruwa ta birnin. Shi ya jawo musu ruwa daga nisan mil 233, aka gama aikin a cikin 1913, sunansa ya cika ƙasar. Daga baya ya gina wata madatsar ruwa ta kankare mai suna San Faransis, tsayinta wajen ƙafa 200. Ran 12 ga Maris 1928, da safe, aka kira shi ya duba wani yoyo. Ya duba ya ce ba kome. Kafin tsakar daren nan madatsar ta fashe, ruwa ya bi kwari har teku, ya kashe mutum fiye da 400. Babban aibin ba a jikin kankaren ya ke ba. Ƙasar da aka jingina ginin a kanta ce ba ta da ƙwari, gefe guda tsohuwar zaftarewar tudu ce, ɗaya gefen kuwa dutse ne mai yin laushi in ya sha ruwa. Mulholland ya ɗauki laifin a kansa gaban masu bincike, su kuwa suka ce bai kamata a bar irin wannan babban aiki ga ra'ayin mutum ɗaya ba, kome gwanintarsa. A cikin 1929 Jihar Kalifoniya ta yi dokar yi wa injiniyoyin gine-gine rajista.

Mutumin Da Ya Karanci Ƙasa

Abin mamaki, har wannan lokaci injiniyoyi sun iya lissafin ƙarfe da kankare, amma ƙasar da za a ɗora su a kanta sai dai a yi kirdado. Wanda ya gyara wannan shi ne Karl Terzaghi, mutumin Ostiriya. Sa'ad da ya ke koyarwa a Santambul, daga 1916, ya riƙa gwaje-gwaje da 'yan akwatuna da kayan da ya harhaɗa da kansa, yana danna yumɓu da yashi yana aunawa. Ya gane cewa yumɓu jiƙaƙƙe kamar ƙullu ne a cikin tsumma. In ka ɗora masa nauyi ruwan ba ya fita nan da nan, sai a hankali, shi ya sa gini ya kan yi shekaru yana nutsewa kaɗan kaɗan. Ya kuma gane in ruwa ya cika tsakanin ƙwayoyin ƙasa ya takura, sai ƙasar ta rasa riƙo ta zame. Ya buga littafinsa da Jamusanci a cikin 1925, a cikin 1936 kuma aka yi taron farko na masanan wannan fanni na duniya a Jami'ar Habad ta Amurka. A can ne mataimakinsa, Arthur Casagrande, ya yi shekaru yana koyar da ilmin ƙasa ga waɗanda suka riga suka sami digiri na farko.

To, ka ji dalilin digiri na biyu. Kowace masifa ta kan haifi sabon babi, kowane babi ya girma ya zama fanni, har ilmin ya yi yawan da 'yan shekarun digiri na farko ba su isa a ƙure shi ba. Sai aka raba. Digiri na farko ya ba mutum ɗan kaɗan daga kowane fanni, wanda ya ke son zurfi kuwa ya koma ya zaɓi guda.

Yadda Abin Ya Zo Nijeriya

Wannan irin aiki ya shigo mana ne tare da reluwe. An fara shimfiɗa dogo daga Baro a cikin 1907, ya iso Kano a cikin 1911. Jirgin da ya taso daga Ikko kuwa, in ya zo Jebba sai a ɗora taragunsa bisa jirgin fito a ƙetare da su, har aka gama gada a cikin 1916. Ta Makurɗi sai a cikin 1932 aka buɗe ta. Duk waɗannan ayyuka Turawa ne suka tsara su. Kakanninmu su ne masu diga da kwando, da yawa daga cikinsu ma tilas aka ɗebo su daga ƙauyuka. Sun zuba guminsu, amma takardar lissafi ba ta taɓa shiga hannunsu ba.

'Yan ƙasa kaɗan ne suka sami wannan ilmi a zamanin nan. Herbert Macaulay na Ikko ya yi karatunsa a Filimot daga 1890 zuwa 1893, ya komo ya yi aikin safiyo. Kwalejin Yaba, wadda aka yi bikin buɗe ta a cikin 1934, mataimakan injiniyoyi kawai ta ke horarwa, ba cikakku ba. Sai a cikin shekarun 1950 aka kafa kwaleji a Zariya wadda ta ke koyar da aikin injiniya har matsayin digiri. Ita ce aka haɗa da waɗansu makarantu aka yi Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe ran 4 ga Oktoba 1962. Ka ga ikon Allah, garin Babban Gwani shi ya zama mahaifar injiniyoyin Arewa. A cikin 1958 injiniyoyin Nijeriya da ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu a Landan, a cikin 1970 kuma Gwamnati ta kafa hukumar yi musu rajista.

Duk da haka, sa'ad da aka gina madatsar Kainji, daga 1964 zuwa 1968, baƙi ne suka tsara, kamfanonin Italiya suka gina. A cikin shekarun 1970 madatsun ruwa suka yawaita a Arewa, musamman a Jihar Kano zamanin Gwamna Audu Bako, inda aka gama ta Tiga a cikin 1974. Mu ma kuwa ba mu tsira daga darasi mai tsada ba. A watan Agusta 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta ci rayuka da gonaki da gidaje. A watan Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, dubban mutane suka kwana a kan titi.

Abin Da A Ke Yi A Digiri Na Biyu

Mai neman wannan digiri ya kan yi shekara ɗaya da rabi ko biyu. Da fari zai zaɓi fanninsa, ko ƙarfin gine-gine, ko ilmin ƙasa da harsashi, ko hanyoyi, ko ruwa. Zai yi watanni yana ɗaukar darasi mai zurfi, sa'an nan a ba shi malami guda mai duba shi, ya ɗauki wata matsala wadda ba a gama warware ta ba ya bincika. Wani zai zuba kankare a 'yan ƙananan akwatuna, ya jiƙa su kwana 28, ya sa a injin matsa ya ga nauyin da zai farfasa su. Wani zai haƙo ƙasa ya kwaɓa ta a wani ɗan kwanon tagulla wanda Casagrande ya ƙago, yana ƙwanƙwasawa yana ƙirgawa, don ya san yawan ruwan da zai mai da ita kunu. Wani kuwa zai tattara lissafin ruwan sama na shekaru masu yawa ya sa a kwamfuta, don ya san girman kwalbatin da ya dace da wani rafi. In ya gama sai ya rubuta littafi, a gayyato malami daga wata jami'a ya yi masa tambayoyi. Ka tuna da ɗan koyon nan na Turai mai kai aikinsa gaban dattawan sana'a? Ai shi ne wannan, tufafi kawai aka sauya.

Me ya sa mu muka fi kowa bukatar wannan? Don yawancin littattafan digiri na farko a ƙasashen sanyi aka rubuta su, bisa halin ƙasarsu da ruwansu. Kowane tsuntsu kuwa kukan gidansu ya ke yi. Jar ƙasarmu ta marmara, wadda mu ke cikon hanya da ita, halinta dabam ne da yumɓun Turai. A Barno, wajen Tafkin Chadi, akwai baƙar ƙasa wadda ta kan kumbura da damina, da rani ta tsage har hannu ya shiga, in an shimfiɗa mata kwalta yadda littafi ya ce sai ta tattaro ta kamar tabarma. Ruwan samanmu kuma ba yayyafi ya ke yi duk shekara ba, a 'yan watanni ya ke zubowa gaba ɗaya. Waɗannan abubuwa ba wanda zai zo daga wata ƙasa ya zauna ya karance mana su, sai 'ya'yanmu.

Amma a yi hattara. Takarda ba ta riƙe gini. Injiniyan da ya san buhun siminti nawa ya kamata a zuba, ya kau da kai aka rage don an ba shi na goro, ya fi jahili laifi, don shi da saninsa ya yi. Wanda kuma ya koma makaranta don kawai ya rasa aiki, ko don a ƙara masa girma a wurin biki, ya ɓata lokacinsa da kuɗin ubansa. Mafi kyau yaro ya fara taɓa aiki, rana ta dake shi, ya ga inda littafi ya gaza, sa'an nan ya koma da tambayarsa a hannu.

Saboda haka, in ɗanka ya zo maka da wannan magana, kada ka yi saurin hana shi, kada kuma ka yi saurin sayar da gona. Zaunar da shi ka tambaye shi abin da zai bincika, da wanda binciken zai amfana. In ya ce so ya ke ya gane dalilin da ya sa hanyar garinku ta ke yankewa kowace damina, to, ka sa masa albarka. Babban Gwani da hannu ya ke murza ƙasa ya san halinta, jikokinsa da ma'auni su ke aunawa su rubuta don na baya. Duka dai abu ɗaya su ke nema, watau mutane su shiga gini su fito lafiya. Allah ya ba mu masu ilmi masu riƙon amana, amin.